Koya wa yara Sifaniyanci a gida: tambayoyin iyaye Hausawa mazauna Saudiyya

A da, idan uwa a Jidda ko Makka ta ce tana koya wa ɗanta wani harshe a gida, kowa ya san Turanci take nufi. Yanzu ana samun masu tambaya a kan Sifaniyanci, wasu ƙwallo ce ta ja 'ya'yansu, wasu kuma hangen aikin gaba suke yi. Waɗannan su ne tambayoyin da suke ta dawowa daga iyayen da yaransu ke karatu a gida, ko dai gaba ɗaya ko bayan an taso daga makaranta.

Me zai sa Bahaushe mazaunin Saudiyya ya koya wa ɗansa Sifaniyanci?

Harshe ne na uwa ga mutum kusan miliyan 500, kuma harshen gwamnati ne a ƙasashe 20. Mafi yawan masu shi ba a Sifaniya suke ba, suna Meziko, Kolombiya, Ajantina da sauran ƙasashen Latin Amurka, ga kuma miliyoyi a Amurka kanta. A Afirka ma akwai Ikwatoriyal Gini, nan kusa da Kamaru.

A nan ƙasar ma ba baƙo ba ne. Jirgin ƙasan Haramaini da ya fara jigila a 2018 tsakanin Makka da Madina, kamfanonin Sifaniya ne suka yi babban kaso na aikinsa. Tun Janairun 2020 aka fara kawo wasan Super Cup na Sifaniya nan, an buga a Jidda, an buga a Riyad. Huɗubar Arfa ana fassara ta zuwa harsuna da dama, ciki har da Hausa da Sifaniyanci. Ga baje-kolin duniya na Riyad a 2030, ga gasar cin kofin duniya a 2034. Hausawan Hijaz sun daɗe suna cin abinci da harshe, wajen hidimar alhazai da tafinta da ciniki. Masu Larabci da Turanci sun yi yawa a kasuwa, mai Larabci da Sifaniyanci kuwa sai an tona.

Yaron yana fama da Hausa da Larabci da Turanci. Na huɗu ba zai rikita shi ba?

Yawan harsuna ba ya rikita ƙwaƙwalwar yaro. Cakuɗa kalmomi da yake yi, ya fara jimla da Hausa ya ƙarasa da Larabcin Hijaz, abu ne da manya ma muke yi kullum a falo. Abin tsoron shi ne lokaci, domin yini ba ya ƙaruwa. Duk mintin da aka ba Sifaniyanci, daga wani wuri aka gutsuro shi.

Ni a ganina, idan yaro ba ya iya gaisawa da kakarsa ta Kano ko Damagaram a waya sai an yi masa tafinta, to ba Sifaniyanci ne gabansa ba tukuna. A fara gyara Hausar, a tabbatar karatun Alƙur'ani yana tafiya. Ba hasara aka yi ba, domin Hausar nan ita ce za ta zama tsani, kamar yadda za a gani a amsar tambayar harshen bayani.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Da kunne, ko daga shekara 4 ko 5 ana iya farawa: waƙoƙin ƙirga, sunayen launuka, gaisuwa. Karatu da rubutu kuwa a jira sai yaro ya zauna daram a karatun boko na harshe ɗaya, galibi wajen shekara 7 ko 8. Wanda ya kai 12 bai makara ba. Ƙaramin ya fi kama furuci, babban ya fi saurin gane ƙa'ida, kuma sau da yawa cikin 'yan watanni yake kamo ƙaninsa.

Ni ban iya ko kalma ɗaya ba. Zan iya koyarwa?

A matakin farko, ƙwarai, muddin za a yarda a zama ɗalibi tare da yaron. Uwa ko uba su riƙa wuce shi da darasi ɗaya: a saurari na gobe yau da daddare. Aikinku shi ne tsara lokaci, kunna sauti, yin tambaya, da yaba masa. Furuci kuwa a bar wa masu harshen, ta sauti ko bidiyo, kada yaro ya gaji kuskurenku. Bayan wata shida zuwa shekara za a ji an zo bango, a nan ne ake neman malami. Akwai tambaya a kan haka a ƙasa.

Da wane harshe zan riƙa yi masa bayani, Hausa, Larabci ko Turanci?

A nan ne na fi saɓa wa abin da aka saba. Yawancin littattafai da manhajojin da ake samu an rubuta su ne don yaron da Turanci ne harshensa, sai su ɓata shafuka suna bayanin abin da ɗan Bahaushe ya sha a nono. Misali jinsi. Bature yana mamakin yadda tebur zai zama mace, littafi ya zama namiji. Mu kuwa mun san rana mace ce, wata namiji ne, kuma galibin sunayen mata da “a” suke ƙarewa. Haka yake a Sifaniyanci: *la casa* gida, *la mesa* tebur, *el libro* littafi. Har masu karya dokar akwai su a ɓangarorin biyu. Muna cewa gida ne, ruwa ne, duk da “a” ɗin ƙarshe, su kuma suna cewa *el día* da *el mapa*. Abin lura ɗaya: jinsin kalma ba lallai ya zo daidai ba, gida namiji ne a wurinmu, mace a wurinsu.

Sai *ser* da *estar*, waɗanda ke wahalar da masu Turanci shekara da shekaru saboda kalma ɗaya suke da ita a madadin biyun. A gaya wa yaro *ser* ɗan'uwan “ne” da “ce” ne, *estar* kuma ɗan'uwan “yana” da “tana”. Malami ne, *es maestro*. Yana gida, *está en casa*. Yana cin abinci, *está comiendo*. Ba ko'ina kwatancen ke zama cif ba, amma zai ɗauke shi nesa kafin ya ci karo da inda ya goce. Haka *usted*, kalmar girmamawa ga babba: yaron da aka koya wa ce wa dattijo “kun tashi lafiya” ba ya buƙatar dogon sharhi.

Don haka shawarata, bayanin ginin jimla da Hausa, kwatancen kalmomi da sarrafa aikatau da Larabci, Turanci kuma a ɗauko shi inda kalmar ta yi kama, irin *hospital* da *animal*. Ko da littafin da Turanci aka rubuta shi, bakin mai koyarwa ya zama na gida.

Da gaske ne akwai Larabci a cikin Sifaniyanci?

Da gaske ne, ana ƙiyasta kalmomi kusan 4,000. Tun shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar da ake kira Andalus, kuma harshen bai manta ba. Yaron da ya tashi a Hijaz zai ji *aceite* ya tuna zait, *arroz* ya tuna ruz, *azúcar* sukkar, *almohada* mikhadda, wato matashin kai, *aceituna* zaitun. Galibi sun haɗiye kalmar ne tare da “al” ɗinta.

Abin da ya fi burge yara shi ne inda Hausa da Sifaniyanci suka ɗebo daga rijiya ɗaya. *Alcalde*, magajin gari, daga alƙadi ya fito, inda muka samo alƙali. *Taza*, kofin shayi, 'yar'uwar tasa ce. *Hasta* daga hatta take. *Ojalá*, da suke faɗa idan suna fatan wani abu, sunan Allah ne a ƙarshenta. Akwai kuma *fulano*, wadda ba ta da alaƙa da Fulani, fulan ce ta Larabci, wato wane. A ba yaro littafin rubutu guda ya riƙa farautar irin waɗannan, wasa ne da ba ya gundura.

Waɗanne sautuka ne za su ba shi wuya?

Wasula ba matsala: biyar ne, a, e, i, o, u, daidai da na Hausa, kuma ba sa canza murya kamar na Turanci. Harafin “r” mai kaɗa harshe, wanda ke sa Turawa kuka, muna da shi. Bahaushe yana bambanta bara mai hidima da bara ta almajiri, don haka kunnensa a shirye yake ya raba *pero*, amma, da *perro*, kare, ko da yake “r” ɗinsu mai sauƙi taɓawa ɗaya ce ta kan harshe, ba a naɗe shi baya. Harafin “j” kha ce ta Larabci, “ñ” kuma ita ce “ny” ta cikin hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne “p”. Larabci ba shi da ita, shi ya sa ake jin Bibsi maimakon Pepsi a bakin mai kanti. Hausa kuma tana haɗa ta da “f”. Yaronmu yana iya faɗawa rami biyu: ya ce *beso*, sumba, yana nufin *peso*, nauyi, ko ya ce *fino* yana nufin *pino*. A sa shi gaban madubi ya ga leɓɓa biyu suna haɗuwa gam a “p”, haƙoran sama kuma suna taɓa leɓen ƙasa a “f”. Ya ɗora yatsa a maƙogwaro: “b” tana girgiza, “p” ba ta yi. Na biyu, baƙaƙe biyu a jere. Bakin da ya mai da kalmar Turawa *bread* ta zama burodi zai so ya ce “tires” maimakon *tres*, “libiro” maimakon *libro*. Wannan sai da maimaici a hankali. Albishir ɗaya: “b” da “v” sauti ɗaya ne a Sifaniyanci, babu wahalar raba su.

Ya iya karanta Hausar boko. Zai iya karanta Sifaniyanci kai tsaye?

Kusan haka, domin harshe ne da ake karanta shi yadda aka rubuta. Haruffa 27 ne. Tarkon kaɗan ne, amma na farkonsu namu ne mu kaɗai: “c”. Yaro zai ga *casa* ya karanta da “c” ta ciki da cokali, alhali “kasa” ake faɗa. Sautin “c” ɗinmu su “ch” suke rubuta shi. Kafin “e” da “i” kuma “c” takan koma “s”. Harafin “h” ba a furta shi, *hola* “ola” ce. *Que* “ke” ce. “Ll” kusan “y” ce.

Sai nauyin gaɓa. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko “n”, ko “s”, ana danna gaɓar kusa da ƙarshe. Saura ana danna ta ƙarshe. Wadda ta saɓa sai a ɗora mata 'yar alama a kai. Kada a bar yaro ya raina alamar nan: *papá* baba ne, *papa* dankali.

Na Sifaniya za mu koya ko na Latin Amurka?

Duk wanda malaminku ko littafinku ya zo da shi. Suna fahimtar juna sarai, kamar Bakano da Basakkwace. A yawancin Sifaniya ana furta “z” kamar tha ta Larabci, a Latin Amurka “s” ce. A Sifaniya ana ce wa jama'a *vosotros*, can kuma *ustedes*. A tsaya a kan ɗaya wajen magana, a bar kunne ya ji duka.

Minti nawa a rana, kuma yaya za a tsara?

Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Ɗan ƙasa da shekara 7 minti 10 ya ishe shi. A liƙa darasin a jikin wani abu da ba ya motsi, kamar bayan la'asar ko bayan karin kumallo, daga Lahadi zuwa Alhamis. A fara da bitar jiya, a saurari sabon abu, a rufe da wasa. Kicin aji ne: *agua*, *pan*, *leche*, *cuchara*. A ba da umarni ya aikata da jiki, *siéntate* zauna, *ven* zo, *abre la puerta* buɗe ƙofa, tun kafin a nemi ya furta komai.

Kowa ya san yadda Ramadan ke juya dare ya koma rana a ƙasar nan, ga lokacin Hajji da gidajen Makka ke cika da baƙi daga gida. Kada a yi yaƙi da waɗannan watanni. A ajiye sabon darasi, a riƙe sauraro na minti biyar don kada zaren ya tsinke. Game da tsawon tafiyar kuwa, cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji ga babban mutum mai Turanci kafin ya iya aiki da Sifaniyanci, Larabci kuma awa 2,200. Minti 20 sau biyar a mako bai kai awa 90 a shekara ba. A yi lissafi, a rage gaggawa.

Manhajar waya da katun sun wadatar?

Duolingo da ire-irenta suna da amfani wajen tara kalmomi da saba wa yaro da zama kullum, amma yaro yana iya shekara yana tara maki bai iya tambayar ina banɗaki ba. Katun ya fi su amfani ga kunne, musamman wanda ya riga ya kalla da Larabci ya san labarin, sai a sauya masa harshen sauti. Mai son ƙwallo a kunna masa sharhin wasa da Sifaniyanci. Dukkansu ƙari ne, tuwon shi ne magana da mutum.

Yaya ake zaɓar malami ta intanet?

A shafuka irin italki da Preply akwai malamai daga ƙasashe da yawa, kowa da farashinsa. A nemi wanda ya saba da yara, a yi darasin gwaji da biyu ko uku kafin a tsaya a kan ɗaya. Alamar nagari ita ce yaron ya fi shi yawan magana. Minti 25 zuwa 30 sau biyu a mako ya isa. A duba agogo: Madrid tana bayanmu da awa 2 a lokacin sanyi, awa 1 a lokacin zafi, Ajantina awa 6, Kolombiya awa 8. La'asar ɗinmu safiyar Bogota ce.

Darasi a falo ake yin sa, inda babba yake ji, ba a ɗaki a rufe ba. Kada malami ya riƙa hulɗa da yaro ta lambar yaron. Wanda ya fi son mace ta koyar da 'yarsa, zaɓin yana hannunsa. A kuma gaya wa malami tun ranar farko cewa gidan Musulmi ne.

Littattafan suna cike da Kirsimeti da naman alade da giya. Ya za a yi?

Littafin da aka rubuta a Madrid rayuwar Madrid zai nuna. A riƙa duba darasi kafin yaro ya gani, abin da bai dace ba a tsallake. Amma kalmomin abinci kam a koya masa su da gangan: *cerdo* alade, *jamón* da *tocino* namansa, *vino* da *cerveza* giya. Ranar da ya tsinci kansa a kantin wata ƙasa, su ne za su tsare shi. Ya haddace *no como cerdo*, ba na cin alade, da *soy musulmán*, ko *musulmana* ga mace.

A ɗaya gefen, a ba shi abin da zai faɗa game da kansa: azumi *ayuno*, masallaci *mezquita*, addu'a da salla *oración*. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta fitar da fassarar ma'anoni da Sifaniyanci kamar yadda ta fitar da ta Hausa. Babban yaro yana iya ajiye su gefe da gefe a kan gajerun surorin da ya haddace.

Yana ganewa amma ya ƙi magana. Mun yi kuskure ne?

A'a. Yara da yawa sukan yi watanni suna tarawa kafin baki ya buɗe. Abin da ke tsawaita shirun shi ne a tsayar da yaro gaban baƙi a ce “yi musu Sifaniyanci su ji”, ko a yi masa dariya. Idan ya yi kuskure kada a ce ba haka ba ne, a maimaita jimlar daidai a ci gaba da hira. A ba shi tambaya mai zaɓi biyu, *¿agua o leche?*, ya amsa da kalma ɗaya. Idan akwai wasu iyalai a unguwa masu irin wannan buri, a haɗa yaran sau ɗaya a mako su yi wasan kanti, ɗaya mai sayarwa, saura masu saye.

Yaushe za a shiga nahawu, musamman sarrafa aikatau?

Bayan kunne ya cika, galibi daga shekara 9 ko 10. A nan Hausa da Sifaniyanci suka raba hanya. Mu aikatau yana zaune, abin da ke gabansa ne ke sauyawa: na ci, ka ci, mun ci. Su kuwa wutsiyar kalmar ce ke sauyawa: *comí*, *comiste*, *comimos*. Yaron da ya san akaltu, akalta, akalna ya riga ya ga irin wannan, sai a ɗauko Larabci. Rukuni uku ne, masu ƙarewa da *-ar*, *-er*, *-ir*, kuma waɗanda aka fi amfani da su, irin *ser*, *ir*, *tener*, su ne masu taurin kai. A koye su cikin jimla, ba a jadawali kaɗai ba.

Da an zurfafa sai Hausa ta sake dawowa da amfaninta. Bambancin *comí* da *comía* shi ne bambancin “na ci” da “a lokacin ina ci” ko “nakan ci”. Siffar da ake kira *subjuntivo*, dodon ɗalibai, ita ce muke yi ba tare da tunani ba a “ina so ka zo”, *quiero que vengas*, da “Allah ya sa a yi ruwa”, *ojalá que llueva*.

Akwai takardar shaida da yaron da ke karatu a gida zai iya samu?

Akwai. Jarrabawar DELE, wadda Cibiyar Cervantes ke gudanarwa a madadin ma'aikatar ilimin Sifaniya, ba ta tambayar makarantar da ka yi. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma takardar ba ta tsufa. Akwai nau'in da aka tsara don 'yan shekara 11 zuwa 17, da ya haɗa da A1 da kuma A2/B1, inda jarrabawa ɗaya ke ba yaro matakin da makinsa ya kai. Ana gwada karatu, sauraro, rubutu da magana, an raba su rukuni biyu, kuma sai an kai makin da aka gindaya a kowane rukuni. Ma'ana, wanda ya ƙware a takarda bakinsa na rufe yana iya faɗuwa, shi ya sa maganar malami da ta gabata take da nauyi. Shafin cibiyar yana ɗauke da jerin wuraren jarrabawa da ranaku da samfurin tambayoyi kyauta.

Mai bin tsarin Ingila yana iya sa Sifaniyanci cikin darussansa na IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta wannan tsarin, sai dai a tambayi cibiyar jarrabawa tun da wuri ko tana karɓar ɗalibi mai zaman kansa a ɓangaren magana. DELE shaidar harshe ce kawai, ba ta maye gurbin takardar kammala makaranta, wannan hanyarta daban. Kafin a biya kuɗin rajista, a zaunar da yaro ya yi samfurin jarrabawar da agogo a gabansa, a kuma tabbatar sunan da za a rubuta ya zo harafi da harafi da na fasfo ko iƙamarsa, wato takardar izinin zama, domin da ita zai shiga ɗakin jarrabawa.